Darasi na Bakwai: Zaɓen Robar Akirilik Mai Daskarewa da Kanta

A ɗakin haɗa haƙora ana aiki da robar akirilik iri biyu. Akwai wadda sai an cusa ta a mazubin ƙarfe, an matse, an dafa ta cikin ruwan zafi na tsawon lokaci kafin ta yi ƙarfi. Da ita ake yin haƙoran roba na dindindin, ita ce muke kira robar dafawa. Akwai kuma wadda da zarar an haɗa hodarta da ruwanta an ajiye a kan tebur, cikin minti 10 zuwa 15 ta daskare ba tare da wuta ba. A jikin gwangwaninta za ku ga an rubuta Self Cure ko Cold Cure. A wannan darasi za mu riƙa kiranta robar sanyi.

Sauƙinta ya sa kowa ke son ta, kuma sauƙin nan ne ke jefa sabon ma'aikaci cikin kuskure. Sai ka ga mutum ya sayi gwangwani ɗaya mai araha, da shi zai ɗinke haƙoran da suka karye, da shi zai yi tiren awo, da shi zai yi wa yaro farantin gyaran haƙora, har ma hular haƙori ta wucin gadi. Kowanne cikin waɗannan ayyuka yana da robarsa, kuma wanda ya fahimci dalili ba zai tsaya jiran dila ya zaɓa masa ba.

Abin da ke cikin hoda da ruwa

Kafin akirilik, da wata roba mai tauri da ake gasawa da farar wuta ake yin gindin haƙoran roba, tun daga tsakiyar ƙarni na 19. Ba ta da kyan launi, tana kuma riƙe wari. A shekarar 1936 kamfanin Kulzer na Jamus ya fito da hanyar kwaɓa hodar akirilik da ruwanta a dafa, a 1937 kuma aka fara amfani da akirilik a wannan aiki a Amurka. Robar sanyi ta biyo baya a shekarun 1940, ita ma daga Jamus.

Hodar ƙananan ƙwayoyi ne na robar da ta riga ta daskare, wadda ake taƙaita sunanta da PMMA, an gauraya ta da launi da ɗan sinadarin da ke tayar da aikin, wato benzoyil feroksaid. Ruwan nan mai ƙarfin wari shi ne monoma, a kwalba ana rubuta MMA. A cikinsa akwai ɗan haidurokwinon, wanda ke hana shi daskarewa a kwalba tun kafin a buƙace shi, akwai kuma wani sinadari da ke ɗaure sarƙoƙin robar da juna don kada ta riƙa tsattsagewa.

Har zuwa nan robar dafawa da ta sanyi kusan abu ɗaya ne. Bambancin yana wurin abin da ke tayar da feroksaid ɗin. A robar dafawa zafi ne: idan kwaɓin ya wuce digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, feroksaid ya fara fashewa, ƙwayoyin monoma su shiga kama juna suna zama dogayen sarƙoƙi. A robar sanyi an zuba wani sinadari a cikin ruwan, daga dangin da ake kira amin, mafi yawanci dimetil-fara-toluwidin, shi ke fasa feroksaid ɗin a yanayin ɗaki.

Sai dai amin ba ya kai aikin inda zafi ke kai shi. Robar tana yin tauri tun da sauran monoma da bai sami abokin kamawa ba, ya maƙale a ciki. A robar dafawa da aka dafa yadda ya kamata, wannan ragowa ba ta cika wuce kashi 0.5 cikin 100 ba. A robar sanyi takan kai kashi 3 zuwa 5. Ragowar nan tana sa robar ta yi laushi ta rasa ƙarfi, kuma tana tsattsafowa cikin yawu a kwanakin farko, inda take sa wa wasu mutane zafin baki da jan dasashi. Ƙa'idar duniya ta robar gindin haƙora, ISO 20795-1, ta san da wannan bambanci, shi ya sa ta yanke wa kowacce iyakarta. Ragowar monoma kada ta wuce kashi 2.2 a robar dafawa, kashi 4.5 a ta sanyi. Ƙarfin jure lanƙwasa kada ya gaza megafaskal 65 a ta dafawa, 60 a ta sanyi. Abin da ruwa ke narkarwa daga jikin robar kuwa, an yarda wa ta sanyi ninki 5 na abin da aka yarda wa ta dafawa.

Amin yana da wani aibin: da tafiyar watanni yana sa robar ta koma rawaya-rawaya. Shi ya sa za ku ga tsohon gyara a jikin haƙoran roba ya fito fili da launinsa daban. Wasu kamfanoni sun bar amin sun koma wani haɗi na dangin asid ɗin barbiturik, wanda ya fi riƙe launi. Irin wannan ta fi tsada, kuma a wurin da ido zai gani kuɗinta ba asara ba ne.

Robar sanyi ba ta rasa inda ta fi. Monoma zallansa yana tsukewa da kusan kashi 21 cikin 100 idan ya daskare, haɗa shi da hoda ke rage tsukewar zuwa wajen kashi 7. Robar dafawa tana ƙara wata tsukewar yayin da take hucewa daga zafin tukunya, ita kuwa ta sanyi ba ta shiga wannan zafin ba, don haka takan zauna a kan samfurin filasta daidai fiye da 'yar'uwarta. Kuma ba ta tilasta a mayar da tsofaffin haƙoran roba cikin tafasasshen ruwa, wanda kan karkatar da su.

Ɗinkin karaya da ƙara haƙori

Wannan ne aikin da aka fi kawowa. Dattijo ya cire haƙoransa zai wanke, suka suɓuce suka faɗi a kan siminti, farantin sama ya rabu biyu. Robar sanyi ce maganin wannan, amma a nemi wadda aka rubuta cewa ta gyara ce. Hodarta tana da laushi sosai, tana jiƙa da wuri, tana malala cikin tsagi, launinta kuma an yi shi ya dace da na robar dafawa. Ku riƙe launi biyu ko uku a ɗaki, da mai jijiyoyin ja da marar su. Mutanenmu da yawa dasashinsu yana da duhu, ruwan hoda mai haske yakan yi musu tsirara a baki, kuma akwai kamfanonin da ke yin launi mai duhu don haka.

Ko da robar ta fi kowacce kyau, wurin ɗinki ba ya komawa ƙarfinsa na asali. Abin da aka saba samu da robar sanyi bai cika wuce kashi 60 zuwa 65 cikin 100 na ƙarfin farko ba. Saboda haka hannu ne zai cike giɓin. A haɗa ɓangarorin da kaki mai danƙo, a zuba filasta a ƙarƙashi, a raba su, a gurje bakin karayar har a sami tazarar milimita 2 zuwa 3, a kwantar da gefen a zagaye shi, kada a bar kaifi. A shafa wa filasta ruwan rabawa. Sannan, abin da masu gaggawa ke tsallakewa, a jiƙa bakin karayar da monoma na kusan minti 3 kafin a zuba sabuwar roba. Monoma yana narkar da saman tsohuwar robar kaɗan, sabuwar ta sami wurin shiga ta kama. In ba a yi haka ba, ɗinkin zai yi kyau a ido, ya ɓalle a kan layin nan bayan 'yan makonni.

Haka nan wurin ƙara haƙori ɗaya a jikin faranti. Robar sanyi ba ta kama haƙorin akirilik da ƙarfin da ta dafawa ke kama shi. A kankare ƙyallin gindin haƙorin, a tabbatar babu ɓurɓushin kaki ko kaɗan, a huda ɗan rami ko a yi tsagi inda robar za ta shiga ta riƙe, sannan a jiƙa da monoma.

Abu ɗaya ya kamata mai gyara ya tambayi kansa kafin ya ɗauki kwalba: me ya karya farantin? Idan faɗuwa ce, ɗinki ya wadatar. Idan kuwa a baki ya tsage ta tsakiya yayin tauna, yawanci dasashi ne ya janye, farantin yana rawa a kan ganɗa. Wannan ko an ɗinke zai sake karyewa, sai a mayar wa likita da bayani a yi masa ciko ko a sake sabo.

Cikon ciki

Idan za a cike cikin faranti don ya sake zama daidai, hanya mafi kyau ita ce likita ya ɗauki awo da farantin kansa, a kawo ɗakin aiki a yi cikon a can. Akwai robar ciko da likita ke sakawa kai tsaye a bakin majiyyaci, irin su Kooliner na kamfanin GC. Hodarta PEMA ce, wata 'yar'uwar PMMA, ruwanta kuma wani monoma ne mai manyan ƙwayoyi wanda bai kai MMA zafi da ƙuna a nama ba. Robar gyara ta kan tebur ba a sa ta ɗanya a bakin mutum. Tana ƙona dasashi da sinadarinta, tana ƙona shi da zafin da take fitarwa.

Tiren awo

Robar tire an cika hodarta da gari mai kama da alli, don ta yi kwaɓi mai kauri da za a murza a shimfiɗa kamar kwaɓin fulawa, ba ta manne wa hannu, kuma ta fi araha. Launinta shuɗi ne ko kore ko fari, don ba a yi ta ta zauna a baki ba. Abin da ake nema a wurinta shi ne tauri, tire mai kaurin wajen milimita 2 da ba ya lanƙwasa idan likita ya danna. Robar tana ci gaba da ɗan motsi bayan ta daskare, don haka a yi tiren kwana guda kafin ranar awo. Yin tire da robar gyara ɓarnar kuɗi ce. Yin gyara da robar tire kuwa cutar majiyyaci ne, domin garin da ke cikinta ya rage mata ƙarfi, kuma ba ta ɗaukar gogewa.

Farantin gyaran jerin haƙora

A nan yaro ne zai sa abin a baki yawancin yini har da dare, na watanni, don haka maganar ragowar monoma ta fi nauyi. Wannan roba tana da ƙa'idarta daban, ISO 20795-2, ita za a duba a jikin kwalin. Ba a cika kwaɓa ta a kofi ba. Ana barbaɗa hoda a kan samfuri, a ɗiga monoma, a sake barbaɗawa, hawa-hawa har a rufe wayoyi da sukurun. Saboda haka hodarta an yi ta ne ta sha ruwa ta tsaya inda aka sa ta, ba ta gangarowa cikin kwarin ganɗa. Robar gyara ba za ta yi haka ba, za ta taru a tsakiya ta bar gefe siriri. Orthocryl na kamfanin Dentaurum yana cikin sanannun robobin wannan aiki. A jiƙa samfurin filasta a ruwa na wajen minti 10 kafin a fara, in ba haka ba iskar da ke cikin filasta za ta taso ta cika farantin da kumfa.

Hular wucin gadi da robar zubi

Robar hula launin haƙori ce, kuma haɗarinta zafi ne. Duk robar sanyi tana fitar da zafi lokacin da take kamawa, gwargwadon kaurinta. Wani bincike da Zach da Cohen suka yi a kan birai a 1965 ya nuna cewa ƙarin digiri 5.5 kawai a cikin jijiyar haƙori ya isa ya kashe ta a kashi 15 cikin 100 na haƙoran. Don haka hular PMMA, wadda ta fi ƙarfi da riƙe launi amma ta fi zafi, gara a yi ta a kan samfuri. Ta PEMA ba ta kai ta zafi da tsukewa ba, sai dai tana saurin cinyewa, ta fi dacewa da hula ɗaya ta 'yan kwanaki. A kuma tuna cewa man kanumfari yana hana akirilik daskarewa. Simintin wucin gadi da yawa da man kanumfari ake haɗa su, idan ragowarsa na jikin hula, sabuwar robar da aka ƙara za ta tsaya da danƙo.

Robar zubi kuwa, irin su DuraLay da Pattern Resin LS, ja ce, ana ɗora ta da buroshi don fitar da siffar abin da za a zuba da ƙarfe. Sharaɗinta shi ne ta tsuke kaɗan ƙwarai, ta kuma ƙone a tanda ba ta bar toka ba. Babu ɗaya cikin sauran robobin nan da ke maye gurbinta.

Akwai robar sanyi ta zubawa da ake yin cikakkun haƙoran roba da ita, a cikin mazubin silikon ko na agar. Idan an yi ta da kayanta da tukunyar matsi, tana bayar da aiki mai kyau. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki robar gyara a kwaɓa a danna a kan samfuri a ce an yi wa mutum haƙora. Za ta cika da ƙananan ramuka, goro da shayi su rina ta cikin wata biyu, ta riƙe wari da ƙwayoyin cuta, kuma mai ita ya biya kuɗin haƙoran da ya kamata su yi masa shekaru.

Tukunyar matsi

Duk wanda zai sayi robar gyara ko ta farantin yara, ya sa tukunyar matsi a lissafinsa. Ana sa aikin cikin ruwa mai ɗumi, tsakanin digiri 40 da 55, a rufe, a hura iska har matsin ya kai wajen bar 2 a agogon awo, a bari minti 15 zuwa 20, ko yadda kamfanin robar ya rubuta. Matsin yana danne kumfa. Ɗumin ruwan yana taimaka wa ƙarin monoma ya kama, ragowa ta ragu. Ruwan kuma yana raba saman robar da iska, domin iska tana hana fatar sama daskarewa sosai. Kada ruwan ya yi zafi fiye da kima, tsohon farantin zai karkace. Tukwane da yawa suna da bakin hura iska irin na taya, famfon keke ma yana cika su idan babu wuta, amma dole tukunyar ta kasance da agogon awo da bawul ɗin tsaro.

Bayan an fitar da aikin an goge, a bar shi cikin ruwa mai tsabta na awa 24 kafin a miƙa. Mafi yawan monoman da zai tsattsafo a ranar farko yake fita, gara ya fita a kofi da ya fita a bakin mutum.

Zafin ƙasarmu da abin da ke kasuwa

Lokutan da ke rubuce a takardar kamfani, minti kaza na aiki, minti kaza na kamawa, an auna su ne a ɗaki mai digiri 23. A Sakkwato, Kano, Maiduguri ko Damagaram, daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40. A irin wannan rana kwaɓin yana tsallake matakansa da gudu: daga jiƙaƙƙen yashi zuwa yauƙi, zuwa kwaɓi, zuwa roba, kafin ka gama jera ɓangarorin. Don haka idan robobi biyu sun yi kunnen doki, a ɗauki mai doguwar tazarar aiki, a bar wadda aka yi wa tallan saurin kamawa. A yi aikin akirilik da safe, a sanyaya kofin kwaɓi da kwalbar monoma, a goge raɓar da ke jikinsu don kada ruwa ya shiga haɗin. Abin da bai halatta ba shi ne ƙara monoma don a sami lokaci. Yawan ruwa yana ƙara tsukewa, yana ƙara ragowa, yana rage ƙarfi. A auna hoda da ruwa da ma'aunin da kamfani ya bayar, ba da ido ba.

A wurin saye, ku duba sunan kamfani, da aikin da aka yi robar dominsa, da lambar ƙa'ida, da lambar rukunin da aka sarrafa, da ranar lalacewa. A Najeriya hukumar NAFDAC ce ke rajistar kayan aikin asibiti da ake shigowa da su, kuna da damar tambayar dila shaidar kayansa. Monoma na ƙwarai garau yake kamar ruwa, a cikin kwalba mai duhu. Idan ya yi kauri ko ya yi rawaya, zafi ko haske sun taɓa shi. Wanda aka juye a kwalbar da ba ta da suna ana sayarwa kaɗan-kaɗan, ba wanda zai iya gaya muku abin da ke ciki ko shekarunsa, ku bar shi ko nawa ne rangwamen. Hoda kuma tana shan danshi da damina ta dunƙule, da hunturu ƙura ta shiga idan an bar murfi a buɗe. Ƙaramin gwangwani da zai ƙare cikin 'yan watanni ya fi wa ƙaramin ɗakin aiki alheri a kan babba da zai kwana biyu yana lalacewa.

Hodar wani kamfani ba ta tafiya da ruwan wani, haka nan hodar dafawa da ruwan sanyi. Haɗin zai iya yin tauri, shi ya sa wasu ke ganin dabara ce, amma yawan feroksaid da girman ƙwayoyin hodar ba a auna su da wannan amin ɗin ba, kuma ba ka da hanyar sanin yawan monoman da ka bari a ciki.

Lafiyar mai aiki

Monoma yana kama wuta tun daga wajen digiri 10, wato a kowace rana ta shekara a wurinmu. A nisanta shi daga fitilar narka kaki, da risho, da janareta. Yana ratsa safar hannu ta latas cikin ɗan lokaci, ta naitiril ta fi jurewa amma ita ma sai an canza da zarar ya zuba a kanta. Masu murza kwaɓi da yatsu tsirara sukan kamu da ƙaiƙayi da tsagewar fata, wasu kan yatsunsu ya riƙa mutuwa, kuma wanda jikinsa ya fara ƙin akirilik da wuya ya rabu da matsalar. Tururinsa yana sa ciwon kai, yana iya jawo asma. A rufe kofi yayin jiran kwaɓi, a rufe kwalba nan take, a yi aiki kusa da taga ko injin zuƙe iska, a sa takunkumi da tabarau lokacin gurza.

Aikin gwaji

Ku rabu uku-uku. Kowane rukuni ya yi sanduna uku na robar gyara masu girma ɗaya a mazubin filasta. Ta farko a auna ta yadda kamfani ya ce, a bar ta ta daskare a kan tebur. Ta biyu awo ɗaya, amma a tukunyar matsi. Ta uku a ƙara mata rabin awon monoma, a bar ta a tebur. Ku rubuta zafin ɗakin da mintunan da kowacce ta ɗauka kafin ta kama, ku gwada da abin da ke takardar kamfani. Washegari ku goge su, ku ɗaga su a haske ku duba kumfa, sannan ku jiƙa su cikin baƙin shayi na mako guda. A darasi na gaba kowane rukuni zai zo da sandunansa, mu duba launinsu, mu karya su ɗaya bayan ɗaya mu ga cikin kowacce.